Zazzaɓin da Barau Ya Kira Odinare

A bazarar 1996 Rekiya, matar Shitu na Zoza, ta tashi da ciwon kai da zafin jiki. Da ta kwana ba sauƙi, Shitu ya ɗora ta a keke zuwa Rogo, wajen Barau mai kemis, wanda suka daɗe suna sayen magani a hannunsa.

Bayan gaisuwa Barau ya taɓa goshinta, ya duba idonta, ya ce, "Malam Shitu, kwantar da hankalinka. Odinare ne." Ya ƙulla musu ƙwayoyi a leda.

Shitu yana jin Hausa da Fulatanci, amma Turanci ko kaɗan ba ya ji. Ya ɗauka sunan wata muguwar cuta ce, kunya kuma ta hana shi tambaya. Duk hanya yana maimaita kalmar don kada ta kuɓuce masa. Suna isa gida ya aika aka kira babbar 'yarsu Jamilatu, wadda ke koyarwa a firamare.

"Mene ne odinare?"

Ta yi dariya. "Baba, ai ba cuta ba ce. Abin yau da kullum ake nufi. Ruwan randa da ba a sa masa komai ba, odinare ne. Rigar zuwa gona, ba ta Sallah ba, ita ma haka. Cewa ya yi zazzaɓin da kowa ke yi ne."

"To in tafi ke nan? Shanun nan sun rame, rafinmu ya ƙafe."

"Ka tafi, Baba. Ina nan tare da Inna."

Rekiya ma daga kan tabarma ta ce ya je, kada dabbobi su mutu saboda ciwon kai. Da safe ya kora su wajen ɗan'uwansa a Turawa, inda akwai sauran ruwa.

Bayan tafiyarsa wuyanta ya sanƙare, ta daina gane mutane. Jamilatu ta nemo mota, amma kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Sanƙarau ne, wanda ya ci mutane da yawa a shekarar. Saboda zafi ba a jira shi ba. Ko da saƙo ya iske Shitu ya dawo, an riga an kai ta makwanci.

Barau ya zo ta'aziyya, ya durƙusa ya kasa haɗa ido da shi. Shitu ya ce Allah ya ƙaddara.

Jamilatu kuwa ta daina zuwa makaranta. Ta rame, ko abinci sai an matsa mata. Wata rana da hantsi Shitu ya same ta zaune a ɗakin uwarta, ta tasa ƙwaryar da Rekiya ke dama fura a gaba.

"Ni na ce ka tafi, Baba," ta ce. "Har da dariyata."

Daga bakin ƙofa ya amsa mata.

"Ma'ana na tambaye ki, kin faɗa mini daidai. Tafiya kuwa da ƙafata na yi ta. Ni ma ba na barci, 'yar nan. Amma yaran mutane suna can suna jiranki."

Ta yi kuka sosai, shi ma ya juya yana share ido da hannun riga. Ranar Litinin da kansa ya raka ta har ƙofar makaranta, ya tsaya sai da ya ga ta shiga aji, sannan ya koma wajen shanunsa.