Ajiyar Alhaji Sanda

Murtala yana turo babur ɗinsa cikin gida ya hango 'yarsa Khairat zaune a tsakar gida a kan buhu. An farke buhun an shimfiɗa mata. Tana dukansa da tafin hannu, wata ƙura mai launin toka tana tashi, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya tana kai yatsu baki.

Ya jingina babur ɗin da bango, ya sure ta.

"Zinatu! Wa ya ba ki wanga buhu?"

Matarsa ta leƙo daga madafa, hannunta duk ƙullu. "A zaure na gan shi, ba komi ciki. Tabarmarmu ta mutu. Mi ya faru?"

"Ba komi."

Ya goge wa yarinyar baki da gefen rigarsa. Ya daɗe yana gogewa, har ta fara kuka.

*

Hayar ɗakinsu ta ƙare tun kafin damina. Garin Anka ya cika da mutanen ƙauye da suka gudo, wasu a kangaye suke kwana da 'ya'yansu. Murtala, da abin da kabu-kabu yake kawo masa bai wuce na cefane ba, ya je ya durƙusa gaban mai gidan, Alhaji Sanda, ya roƙi ƙarin shekara.

"Murtala, masu son ɗakinga suna da yawa, kuma kowa ya fi ka abin hannu," in ji Alhaji yana jan carbi. "Amma kai yaron kirki ne. Na ƙara maka shekara, yadda ka saba biya. Sai dai zan riƙa aje kaya a zaurenka. Gidan mai iyali ba wanda ke bincika."

"Wane irin kaya, Alhaji?"

"Kai ɗan Abare, ni kake tambaya?"

Garin dutse ne da ake niƙowa daga ramukan zinari, ana ɓoye shi kafin a kai wanki. Murtala ya san shi tun yana yaro a ƙauyensu, Abare. Da irinsa ƙanensa Yusufu ya yi wasa a tsakar gidansu, sai amai, sai jijjiga, sai aka naɗe shi a ɗan ƙyalle. Yana tsaye ranar da aka zo aka kankare ƙasar gidansu aka zuba sabuwa. Ya san sunan abin: gubar dalma.

Ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya saka."

Zinatu 'yar Gummi ce, ba ta taɓa ganin wannan ciwo ba. Ya gaya mata kayan Alhaji ne, kada ta taɓa. Bai faɗi dalili ba. Ya san in ta ji, a ranar za ta goya 'yarta ta koma wurin Innarta. Kullum yana ce wa kansa, ai buhunan a ɗaure suke, ai zaure ba ɗaki ba ne. Kullum kuma Zinatu tana share zauren da tsintsiyar da take share ɗaki.

*

Bayan kaka Khairat ta daina cin abinci. Ta daina rarrafe zuwa bakin ƙofa in ta ji ƙarar babur. Ranar da jikinta ya sandare, idanunta suka juye, Murtala ya ɗauke su a babur zuwa wani ƙaramin asibiti, Zinatu tana ta salati a bayansa.

Malamar asibitin ta taɓa goshin yarinyar, ta buɗe mata ido. Mutane sun yi layi har waje, ta gaji.

"Ana niƙan dutse a gidanku?"

"A'a, Malama," in ji Zinatu da sauri. "Mu ko inji ba mu da shi. Maigidana ɗan kabu-kabu ne."

Gaskiya ta faɗa. Ba a niƙa a gidansu. Murtala ya tsaya yana jira malamar ta ƙara tambaya, ta ce, ko ana ajiyewa? In ta tambaya zai faɗa, wallahi zai faɗa. A ransa ya ga ma'aikatan gwamnati sun cika zaure, ya ga Alhaji yana nuna masa ƙofa, ya ga kayan ɗakin Zinatu a bakin titi.

Malamar ta sunkuya ta rubuta maganin zazzaɓi.

"In bai sauka ba ku dawo. Na gaba!"

*

Da suka dawo, suka tarar da Alhaji Sanda a ƙofar gida, ana sauke sababbin buhuna daga bayan a-kori-kura.

"Ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya. Zazzaɓin bana ba ya da kyau." Ya dafa kafaɗar Murtala. "Ka riƙe amana, ɗana. Baɗi ma kada ka zo roƙo, ɗaki naka ne."

"Na gode, Alhaji."

Zinatu ta yi murna har da ɗaga hannu sama. "Ka ji, Baban Khairat? Allah bai manta da mu ba."

Ta kwantar da yarinyar a inuwar bango. Murtala ya tsuguna ya tafa hannu kusa da kunnenta yadda ya saba, ya kira sunanta. Khairat tana kallon sama, ba ta juyo ba.

Can gefe Zinatu ta jawo buhun shimfiɗar. "Bari in wanke mata shi, tunda ba ka son ƙura," ta ce, ta kwara masa ruwa.

Ruwan ya fito da launin toka, ya bi gangaren tsakar gida a hankali, ya nufi inda yarinyar take kwance. Murtala ya sa ƙafa ya tare shi. Ruwan ya ɗan tsaya, ya rabu biyu, ya kewaye ƙafarsa ya wuce.