Duna Ya Fara Jan Gindi

Bayan 'yan bindiga sun kashe Jafaru a gonarsa ta Gidan Goga, abin da ya rage wa matarsa Asabe awaki ne da karensa Duna. Ba ta taɓa son karen ba, ko ƙwaryarta ba ta barinsa ya lasa. Amma haushinsa ne ke ba ta damar kora awaki cikin dawa kafin baburan 'yan bindigar su iso.

Da damina Duna ya fara jan gindi a ƙasa, ƙafafu a miƙe, daga bakin rumbu har zaure. Barau, ƙanen Jafaru, ya yi ta dariya.

"Matar yaya, karenki ya koyi tuƙin mota."

"Kai dai ba ka da aiki. Mi ya same shi?"

"Tsutsar ciki ce. Ki ba shi maɗaci."

Ta jiƙa ta ba shi, bai daina ba. Sai lasar wurin yake, ga wani ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi. Da gefen duburar ya kumbura, Barau ya shafa masa baƙin man inji da tsinke, yadda ake yi wa ƙazuwar akuya. Duna ya yi kuka irin wanda Asabe ba ta taɓa ji ba.

Ran kasuwar Maradun ta jawo shi da igiya zuwa bakin hanya, Barau na biye da ita. Hayatu direba ya leƙo.

"Inna, kare cikin motata? Mutane da alwalarsu?"

"Ko saman kaya, ɗana."

"Ko saman kaya, najasa ce."

Ta ba Barau igiyar ta tafi ita kaɗai. A kasuwar, malamin dabbobi yana tsakiyar yi wa shanu allura, ya saurare ta bai ɗago ba.

"Ba kullum tsutsa ba ce, baba. Akwai 'yan jakunkuna biyu gefen duburar kare. In sun toshe sai su dame shi, ya riƙa gogawa a ƙasa. Tun sannan matsewa kawai za a yi. In kika ga kumburi, ko jini, ko ya ƙi ci, sai hannun likita. Ya fashe?"

"Ya fashe. Har ƙudaje sun zuba mai tsutsa."

Ya tsaya da allurar.

"Ki kawo shi a wanke, a yi mai allura."

"Mota ba ta ɗauka. Ko za ka zo?"

"Hanyarku? Ina da iyali, baba."

Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta cusa cikin tuwo.

Da la'asar ta samu Duna ƙarƙashin rumbu. Ya shinshina tuwon ya kau da kai. Ta zauna kusa, ta ɗora hannu a wuyansa, jikin kamar garwashi. Can wajen fadama ƙarar babura ta taso. Duna ya motsa kunne, ya buɗe baki, ba abin da ya fito.