Hantar Ragon Gwamna

Shekara biyu ke nan Hamza bai sa jan nama a baki ba. Yana da garka a bakin tabkin Madarumfa, yana da shanun huɗa biyu, kuma a jikin shanun nan ya kwaso abin. Wata damina kaska ta maƙale masa a bayan gwiwa, ya cire ta da farce ya manta. Bayan 'yan makonni ya ci naman suna, aka yi awa huɗu lafiya lau, sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa suka kumbura, numfashi ya koma kamar yana zuƙo shi ta cikin kara. Sau uku haka ta faru kafin wani lokotoro, wato likita, a Maradi ya tambaye shi ko kaska ta taɓa cizonsa. Ya ce daga yau ba sa, ba rago, ba akuya, har romonsu. Kifi da kaza da zabo kam ya ci.

Kifi bai yanke a gidan ba, matarsa Salamatu ta iya shi kala-kala. Amma ranar kasuwa, in hayaƙin tukubar masu tsire ya taso, Hamza yakan sauya hanya, miyau cike da baki.

Mahaifinsa Gwamna yana wani ƙauye wajen garin Sarkin Yamma, kuma bai taɓa salla ba. Kowace shekara kafin shuka yakan yanka wa Uwar Gona jar akuya a gindin tsamiya, ya gasa hantar, ya miƙa wa 'ya'yansa da hannunsa, sannan sauran gida su ci. Hamza yana da shekara sha tara ya musulunta. Da aka miƙo masa hantar a shekarar, ya ture hannun tsohon a gaban dangi, ya ce shi ba ya cin mushe. Hantar ta faɗi a ƙasa. Gwamna bai yi faɗa ba, sai dai tun ranar yake kiransa Malam. Shekara ashirin da uku Hamza yana zuwa gaisuwa, yana kai hatsi, ba su sake sa hannu a kwano ɗaya ba. Ya sha juya zancen a ransa yana ban ruwa a garka. Ƙin cin bai taɓa damunsa ba. Turewar ce ta ƙi barinsa.

Wata laraba Sule, ɗan kawunsa mai kabu-kabu da babur, ya tsaya a ƙofar gida bai ko kashe moto ba.

"Tsoho ya sayi rago. Ka san wa zai yanka? Liman. Da bisimilla da komai. Ya ce gobe da hantsi ka zo."

"Liman?"

"Ni ma sai da na sa ya maimaita. Duk ƙauyen ana ta tsiya, wai Gwamna ya kusa sayen buta."

Da Sule ya tafi Salamatu ta ce, "Malam, ka gaya masa gaskiya kawai."

"Zan gaya masa."

"Ka gaya masa, kuma kada ka ci. Abu biyu na ce."

Ta ƙulle ƙwayoyin da lokotoro ya rubuta a bakin zane, ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Sun tarar an riga an feɗe ragon. Gwamna na zaune kan turmi a kife, ya rame, gwiwoyinsa sun fi cinyoyinsa kauri, yana juya hanta a kan garwashi da tsinke. Ƙamshin ya tari Hamza tun daga zaure. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam, ka iso. Ga limaminku can, tambaye shi. Ban taɓa wuƙar ba. Ko igiyar ma ba ni na riƙe ba."

"Na ji, Baba."

Gwamna ya yanko hanta, ya barbaɗa gishiri, ya hura, ya miƙo. 

Hamza ya yi bayani. Ya faɗi kaskar, da kumburin, da lokotoron Maradi. Yana magana yana jin yadda zancen ke fita ba nauyi, kamar uzurin wanda ya makara zuwa gayya.

Gwamna ya saurara har ƙarshe. "Kaska," ya ce. "Na yi kiwo shekara hamsin. Wadda ta cije ni ta fi gashin kanka yawa." Ya dubi hantar. "Wancan karon ka ce Ubangijinka ya hana. Wannan na gane, mutum da abin bautarsa. Yanzu kuma kaska. To, ba komai. Kira mini karen nan, Sule."

Bai janye hannun ba tukuna. Hamza ya san cewa jefa rai cikin halaka haramun ne, ya kuma san haƙƙin uba, ya rasa wanda zai ɗora a kan wani. Abin da ya gani kawai shi ne hannun ya fara sauka. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a baki.

Salamatu ta juya ta shiga wajen mata.

Hantar da zafinta take, gefen ya ɗan ƙone, cikin da taushi. Hamza ya tauna a hankali, ya ƙi haɗiyewa da wuri. Gwamna ya yanko wata ya ci shi ma, ya jawo akushi tsakaninsu.

Salamatu ta dawo da moɗar ruwa, ta danƙa masa ƙwaya biyu a ɓoye. "Tashi mu tafi tun yanzu. Mu zauna a ƙofar gidan likita mu jira tashin abin."

"In na ci na tashi, daidai yake da ban ci ba."

"In ka mutu fa, daidai yake da me?"

Bai tashi ba. Suka koma inuwar tsamiya. Gwamna ya buɗe baki kamar wanda aka kwance: labarin shekarar fara, da yadda uwar Hamza ta taɓa korar kura da muciya, da wata gona da ya so ya bar masa. Hamza ya yi azahar a gefe, tsohon ya jira shi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Hamza yana saurare yana duban inuwa tana tafiya, yana so ta tsaya.

Gab da la'asar tafin hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya zauna a kan hannuwan. Sai wuya, sai kunnuwa. Gwamna na tsakiyar magana ya dubi fuskarsa. Ya matso, ya taɓa kumburarren leɓen da ɗan yatsa.

"Ashe da gaske ne."

Hamza ya so ya ce ba komai, muryar ta fito kamar ta usur.

"Wa ya ce ka ci? Kai wane irin malami ne?"

Sule ya riga ya tayar da moto, Salamatu ce ta sa shi zama kusa tun azahar. Aka ɗora Hamza. Ta ɗaga ƙafa za ta hau bayansa ta riƙe shi, Gwamna ya ce shi zai hau, ta biyo su a wani moton. Sai da mutum biyu suka ɗaga tsohon. Ya zagaye ƙirjin ɗansa da hannuwa, ya haɗa yatsu.

Suka kama hanyar yashi ta cikin gonakin da ba a shuka ba. Moton na tangaɗi, iska na shiga maƙogwaron Hamza kaɗan-kaɗan. Haƙarƙarin tsohon na dukan bayansa, yana jin warin hayaƙi da taba a rigarsa.

"Ban gama ba ka labarin gonar ba," Gwamna ya ce a kunnensa. "Ja numfashi. Sule, taka mana."