Allura Biyu a Tire Ɗaya

Ɗakin magani na sashen maza bai fi banɗaki faɗi ba. Kabad a dama, firji a hagu, famfo a ƙurya, ƙofa ɗaya tal. Nan na faɗa na tura ƙofar da ƙafa, tire a hannuna, gumi yana bin bayana.

Allura biyu ce a tiren. Sirinji iri ɗaya, ruwan ciki garau iri ɗaya, babu wadda aka liƙa wa suna. Ɗaya maganin raɗaɗi ne mai ƙarfi na gado na huɗu, wani direba da ya karye a cinya. Ɗayar ta gado na shida ce, dattijo mai ciwon zuciya wanda da ƙyar yake jan numfashi.

Ba ni na ja su a sirinji ba. Sista ce, shugabar sashen, kuma Sista ƙanwar babana ce, Goggona. A gidanta nake zaune tun da na shiga makarantar jinya, kuma ita za ta sa hannu a littafina jibi, a ce na gama horo. Ta ja su tana magana da likita, ta jefa kwalaben a akwatin shara mai kulle, ta turo min tiren ta ce, "Ta dama ta gado na huɗu ce." Sai aka kira ta waya.

A hanya na sauya hannu don in kauce wa bokitin mai goge-goge, na sake sauyawa don keken mara lafiya. Sai da na ja labulen direba na dubi tiren. Ashe tiren ya juya. Sau ɗaya ne ko sau biyu, Allah masani. Na ce wa direban ina zuwa, na juyo da sauri.

A aji an nanata mana har kunne ya gaji: allurar da ba hannunki ya ja ba, kada ki yi wa kowa. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci makina cif. Abin da malamar ba ta koya mana ba shi ne yadda ake faɗa wa Goggo wannan magana. Ta bango ina jin nishin direba, yana kiran sunan Allah.

Ƙofa ta buɗe, Goggo ta shigo, ɗakin ya cika.

"Me kike yi a nan? Mutum yana can yana kuka!"

"Goggo, tiren ya juya. Ban san wacce ce wacce ba."

Ta fisge su, ta ɗaga su saitin fitila, ta ƙura musu ido. Ta daɗe. Sannan ta ware ɗaya ta ce, "Wannan ce."

"Ta yaya kika gane?"

"Shekara ashirin da shida ina aikin nan, ke za ki tambaye ni? Matsa."

Ban matsa ba. Kada a ce jarumta ce, babu wurin matsawa ne, kuma a ɗakin nan babu hanyar fita sai ta kaina.

"Goggo, in ta direba ta shiga jikin dattijon nan fa? Numfashinsa zai iya ɗauka?"

Ta juya ta matse su duka biyu a bakin famfo, ta sakar musu ruwa. Na ji sanyi a raina, amma bai daɗe ba, domin maganin raɗaɗi irin wannan ba a zubar da shi sai da rahoto. Ta jawo takardar daga aljihun tebur ta ajiye a gabana, ta ɗora yatsa a layin da ake rubuta wanda ya ja maganin.

"Saura min shekara ɗaya in yi ritaya," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "In sunana ya hau takardar nan, a gaban kwamiti zan ƙare. Ke kuwa ɗaliba ce, 'yata. Wata uku za su ƙara miki, shi ke nan."

Na tuna ɗakin da ta ba ni, na tuna babana da yadda yake cewa in bi ta kamar uwa. Raina ya ɓaci, haushinta ya cika ni, tausayinta kuma ya hana ni buɗe baki. Na rubuta sunana. Ta karɓi biron ta sa hannu a wurin shaida.

Ta buɗe ƙofa. Likita da sauran ɗalibai suna tsaye a bakin tebur, duk suka waiwayo. Goggo ta gyara hularta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Zo nan in nuna miki yadda ake liƙa wa allura suna, tunda ba a koya muku ba."

Na ce, "To, Sista."