Watandar Kasafin Ilimi

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu ƙafafuna ba su daina tsami ba.

Na gan ni a ajina, aji huɗu na firamaren Tungar Maje, wanda iska ta yaye wa rufi damina huɗu da suka wuce. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Ɗalibaina tamanin da uku sun ɗora littattafansu a ka, duk da haka sun jiƙe.

Sai ga sanarwa a jikin allo: yau za a ɗauki Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, kuma wanda aka ɗauka shi zai tsaya a kan rabon kasafin bana. Na ce wa yaran kada kowa ya motsa, zan je in zo da rufi.

Sakatariyar ƙaramar hukumar, da gininta da komai, tana tafiya. In na yi taku ɗaya, sai ta ja baya taku biyu. Na san halinta tun a farke, sau goma sha ɗaya ina kai mata takardar koke. Sai na juya mata baya kamar na fasa. Ta matso ta ga wace ce wannan da ba ta roƙo, ni kuwa na faɗa ta taga.

Shugaban kwamitin ɗaukar Sakataren wani talotalo ne, ya kumbura ya cika kujera. Magatakardansa ƙadangare ne. Duk abin da ya gyaɗa wa kai ya zama doka, kuma babu abin da ba ya gyaɗa wa kai. Abokiyar takarata wata babbar riga ce ta shadda, ta sha sitati, tana tsaye ƙyam ba kowa a cikinta. Mai ita wani uzuri ya tsare shi, sai ya aiko ta.

Talotalo ya dube ni ta gefen ido. "Yarinya, wa ya turo ki?"

"Ƙafata, ranka ya daɗe. Kuma sunana Malama Barira."

"Wa kika sani a sama?"

"Rana. Kullum a kaina take wuni."

Aka kawo sikeli. Aka ɗora digirina da shaidar koyarwata da shekara tara ta aiki a gefe guda, a ɗaya gefen aka ɗora guntun katin da kawun rigar ya sa wa hannu. Aka yi kunnen doki. Talotalo ya ce tunda haka ne a fita fili, wanda ya fi daɗewa a tsaye shi ne Sakatare. Ya faɗi haka ne yana kallon sitatin.

Muka tsaya. Rana ta fito ta ƙi faɗuwa. Dawa ta tsiro a tsakanin yatsun ƙafata, ta yi kai, aka girbe. Wata kurciya ta yi sheƙa a ɗankwalina, ta ƙyanƙyashe, ta aurar da 'ya'yanta. Can sai na ji rigar tana nishi. Sitatin ya fara narkewa, wuya ya langaɓe, hannuwa suka zube, ta sulale ƙasa kamar tsumma.

Talotalo ya zagayo da lema. "Ke ba kya gajiya ne?"

"Shekara tara ba kujera a ajina, ranka ya daɗe. Yanzu ma na fara."

Ƙadangare ya gyaɗa kai. Na zama Sakatariyar Ilimi.

Nan take aka jawo kasafin da igiya. Sa ne fari, ƙato, mai tozo kamar tulu. A wannan ƙasa watanda ake yi da kasafi, yadda 'yan unguwa ke haɗa kuɗi su yanka sa su raba nama kashi-kashi. Kafin in gyara mayafi har an feɗe, talotalo ya kasa kashi huɗu da kansa: tozo da hanta kashi guda, cinyoyi kashi guda, haƙarƙari kashi guda, sai ƙofato da jela can gefe, ƙuda na bi.

"Kamar kullum," in ji shi. "Kwamiti zai ɗauki nasa, makarantu su ɗauki nasu, Allah ya sa albarka."

Na ce, "Dakata, ranka ya daɗe. A garinmu wanda ya kasa nama ba ya zaɓe da idonsa. Juya baya yake yi, a nuna kashi, ya faɗi mai shi."

Wuyansa ya yi ja zur. "Wa ya ce?"

Ƙadangare dai ya riga ya gyaɗa kai.

Talotalo ya juya ya fuskanci bango, ya baza jela. Na ji shi yana ƙunƙuni yana lallashin kansa: ai tun da aka kafa ƙaramar hukumar nan, da ƙaramin kashi ake fara nuni, a sallami makarantu, manya su zauna su ci a natse. Bai taɓa ganin an yi akasin haka ba.

Na ɗora sandata a kan tozo. "Wannan na wa?"

"Rufin azuzuwa!" Ya faɗa da sauri.

Na nuna cinyoyi. "Wannan fa?"

"Albashin malamai. A yi a wuce."

Na nuna haƙarƙari.

"Littattafai da alli," in ji shi, muryarsa har rawa take don daɗi.

Na tura ƙofato da jela da bakin sanda. "Saura ɗaya."

"Kuɗin zaman kwamiti!" Ya buga fukafukai. "Kada kowa ya taɓa!"

"Wallahi ba mai taɓawa," na ce.

Ya juyo. Ya dubi ƙofaton, ya dube ni, ya dubi ƙadangare. A hankali ya sace, har ya koma kamar ɗan tsako. Wani masinja ya sa shi a aljihu tare da jelar san.

Tozon ya tsage, kwanon rufi ya dinga fitowa daga ciki falle-falle, yana tashi sama kamar garken balbela. Na hau falle ɗaya na zauna, zamana na farko cikin shekara tara. Muka sauka a Tungar Maje, kowane falle ya kwanta a mazauninsa, ƙusoshi suka yi layi suna shiga da kansu. Ruwan da ke hawa sama ya bugi rufi, ya tsaya, ya ce, "Afuwan Malama, ashe da mutane a ciki." Ya fita ta ƙofa, ya zagaya, ya sauko ta sama kamar ruwan kirki. Yarana tamanin da uku suka buɗe busassun littattafai, ruwa na kiɗa a kanmu: tal, tal, tal.

Tal, tal. Na buɗe ido. Ɗakinmu ne ke yoyo a cikin kwanon da Inna ta tara, ita kuma tana daga tsakar gida tana cewa, "Barira, in dai yau ne ranar kai takardar neman aikin Sakataren nan, ki sa ta a leda, hadari bai wuce ba."