Sunan da ke Bangon Littafin Moelagi

"Ba zan cire ba, Baffa," in ji Moelagi.

A zaune take a kan tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, kanta a sunkuye kamar yadda ake zama gaban mai sarautar gida. Jikinta kaf ladabi ne, bakin ne kawai ya ƙi. Baffan nata, ƙanen mahaifinta, yana jingine da ginshiƙinsa a zauren dangi, samfurin littafin a kan cinyarsa. Tun da mahaifinta ya rasu aka ɗora masa sarautar gidan, wadda ake kira Lefaumata, kuma da sunan sarautar nan 'ya'yan gidan duka suke amsawa. Shi ne a bangon littafin da manyan haruffa: Moelagi Lefaumata.

"Ke 'yar boko, ban ce ki ƙona shi ba," in ji shi. "Kuɗinki ne, ki buga abinki. Ai na ji marubuta suna laƙa wa kansu suna. Ki ce ke ce Tauraruwar Asuba, ko Kifin Bakin Gaɓa, duk wanda ya yi miki daɗi. Amma wannan ba naki ba ne. Ni ma da nake ɗauke da shi, aro aka ba ni."

"Da shi na karɓo digiri a ƙasar waje, a birnin Suva, Baffa. Ranar ba ku ce aro ba ne. Alade kuka yanka."

"Ranar ɗaukaka shi kika yi. Yau a rana za ki shanya shi."

Mahaifiyarta, Fuatino, tana gefe tana fere gwaza, ba ta ɗago kai ba.

Littafin labarin Peni ne, yayan Moelagi. Da farfaɗiya ya tashi. In baƙi za su zo, ko fasto zai ci abincin Lahadi a gidan, akan kai shi rumfar girki a ce ya kula da wuta, shi da aka hana kusantar wuta sauran ranaku. A can ya koya mata karatu tun kafin ta shiga makaranta, yana zana haruffa da tsinke a kan toka. Wata safiya ciwon ya kama shi yana cikin ruwa, ruwan da bai wuce gwiwa ba. A nan ya rasu. A ƙauyensu na tsibirin Savai'i a ƙofar gida ake binne mutum, a yi masa siminti da fenti, a rubuta sunansa, yara su zauna a kai suna cin mangwaro. Peni kuwa bayan rumfar girki aka kai shi, aka jera masa baƙaƙen duwatsu, ba a rubuta komai ba.

"Kina ganin ban san zafinsa ba?" in ji Baffa, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na ɗauko shi daga ruwa, a kafaɗar nan. Amma akwai 'yan mata a gidan nan da ba su yi aure ba. In aka fara cewa gidan Lefaumata akwai iska, wa zai zo?"

"Ciwo ne, Baffa. Yana da magani a asibiti."

"Sai ki bi ƙauye gida-gida ki gaya musu, Malama."

Da yamma mahaifiyarta ta raka ta bakin hanya jiran motar da za ta kai ta jirgin ruwa. Ta cusa mata gasasshiyar gwaza a naɗe cikin ganyen ayaba.

"Labarin ba zai canza ba don an canza suna," in ji ta. "Ki ara wani, 'yata. Ni zan san ke ce. Bai isa ba?"

"Inna, ke ma kina jin kunyarsa ne?"

Fuatino ta dube ta, ta gyara ɗaurin zanenta. "Bakinki kamar na ubanki. Ni da zan kwana a gidan nan nake gaya miki. Ke kina da ɗaki a birni, a Apia."

Maganar nan ta bi ta har cikin jirgi. Moelagi ba mutum ce mai ja da baya ba, amma ba ta da kunnen ƙashi. Ta san gaskiyar Inna: mai harbi yana birni, wanda kibiyar za ta dawo kansa yana ƙauye.

Saboda haka da ta koma ɗakinta ta gwada. Ba kamfani ne zai buga mata ba, balle wani ya yanke mata hukunci. Ita ta rubuta, ita ta gyara, ita ta tsara bangon a kwamfutarta, ita za ta kai wa mai injin ɗab'i. Ta goge sunanta ta sa wani, Sina Vaitafe. Bai yi muni ba, har ma ya fi nata daɗin faɗa. Ta yi ta lissafa alherinsa. Makarantar cocin da take koyarwa ba za ta kira ta ofis ba. Za ta iya tsayawa a kasuwa ta ga mutum ya ɗauki littafin ba tare da ya tambaye ta 'yar gidan wa ce ba. Inna za ta je taron matan ƙauye ba mai kallonta ta wutsiyar ido. Ta kwana biyu da Sina Vaitafe, har ta fara sabawa da ita.

Sai ta buɗe shafin farko don ta gyara sadaukarwar. Da farko ta rubuta: Ga yayana, Peniamina Lefaumata. Yanzu dole sunan gidan ya fita daga nan ma, in ba haka ba aron bai yi amfani ba. Ta goge, ya rage Peniamina. Ta tuna a yankinsu Peniamina mai farfaɗiya ɗaya ne. Ta goge wannan ma, ya rage Ga yayana. Yayan wa? Yayan wata Sina da ba a haifa ba.

Ta daɗe tana kallon shafin. Ashe abin da aka yi masa da duwatsu shi take yi masa da haruffa. Baƙi za su zo, ta kai shi rumfar girki.

Ta mayar da sunayen biyu inda suke. Kafin ta kai aikin gun mai ɗab'i ta kira Baffa a waya, don kada ya ji a bakin duniya.

"Na bar shi, Baffa."

"To," in ji shi. "Kin yi karatu, kin san abin da kike yi." Ya kashe.

Littafin ya fito. Bai tayar da gari ba. Ta jera shi a tebur a kasuwar Apia ranakun Asabar, kusa da wata mai sayar da koko, ta sa shi a intanet saboda 'yan ƙasar da ke zaune a waje, a Auckland da Sydney. Wasu suka saya, da yawa suka duba bango suka ajiye. Wata tsohuwa ta tsaya ta karanta shafi biyu a tsaye, ta ce, "Ke 'yar Lefaumata ce ta Savai'i? Mu ma muna da irinsa a gida," sannan ta tafi ba ta saya ba. Shugabar makaranta ta kira ta ofis kamar yadda ta zata, ta yi mata doguwar nasiha, ta bar ta da aikinta.

A ƙauye kuwa dangi suka zauna. Ba wanda ya ɗaga murya, aka ce. Baffa ya yi jawabi mai kyau, ya ambaci kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanda ya ɗauki sunan gida ya fita da shi ba da izini ba, to ya riƙe sunan, gidan kuma ya bar wa masu shi.

Inna ce ta kawo mata saƙon, a tashar jirgin ruwa ta Salelologa, inda suka zauna a benci ɗaya kamar matafiya biyu da ba su san juna ba.

"An daina ba ni wurin zama a gaba a taron mata," in ji ta. "Auren Lupe, 'yar Baffanki, an ɗaga shi. Mutanen sun ce sai sun yi tunani."

Lupen nan, Moelagi ce ta goya ta.

"Ba kuka nake kawo miki ba. Don ki sani ne." Inna ta miƙa hannu. "Ba ni littafin ɗaya. Manyan haruffa ne? Idona ya mutu."

"A shafin farko manya ne."

"Shi nake so."

Moelagi ba ta janye littafin ba, ba ta kuma nemi afuwa ba, ko da aka aiko mata cewa ƙofa a buɗe take in ta sake bango. Har yau da sunanta take bugawa. Har yau kuma ba ta taka ƙauyen ba. Lupe ba ta ɗaukar wayarta. Mahaifiyarta a bencin tasha take ganinta, in Inna ta samu uzurin fitowa. Wurin da Moelagi ta san tun tana yarinya nan za a binne ta, kusa da kabarin mahaifinta a ƙofar gida, Baffa ya ce an ba wani. Duwatsun Peni kuma suna nan bayan rumfar girki, ba a rubuta komai a kansu ba.