Hoto Sittin Na Duhu

"Mi kac ce ka yi musu?"

Malam Magaji ya yunƙura daga kan katifar da aka shimfiɗa masa a zaure, har filon ya zame. Ni kuwa ina riƙe da laftof ɗinsa a cinya, ina murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Na goge su, Malam. Ai kai kac ce in rage hotunan da sunka lalace, wuri ya cika. Na iske guda sittin baƙi ƙirin, ko ɗigon tauraro babu. Har kwandon sharar laftof ɗin na zubar."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya koma ya kwanta, ya kalli rufi, ya ce, "Hamza, waɗanda girgije ya ɓata nike nufi. Waɗannan ba lalacewa sunka yi ba. Da gangan na ɗauke su."

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoto a Yelwa. Fasfo, biki, suna, 'yan makaranta ranar sauka, babu gidan da ba a rataye aikina ba a unguwarmu. A sana'ata baƙin hoto yana nufin ka manta murfi a bakin kyamara, kuma ba ka bari kowa ya gani. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki duhu da gangan ba sai ranar nan ta Litinin.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da gidan Malam Magaji. Tsohon malamin sakandare ne, ɗan masunta daga Warra, ya koyar da rabin garin nan ilimin ƙasa kafin ya yi ritaya. Bayan ritayar ne ya shiga wata ƙungiya ta intanet, su bakwai daga ƙasashe daban-daban, suka haɗa hannu a kan madubin hangen taurari guda ɗaya da ke kan wani tsauni a Ostireliya. Babu wanda ya taɓa zuwa can a cikinsu. Kowa daga gidansa yake sarrafa shi, kowa da awanninsa a jadawali. Da yake darensu ranarmu ne, Malam da hantsi yake kallon taurari, yana zaune a zaure da kofin kunu. 'Yan unguwa suka sa masa Mai Taurarin Rana, shi kuma ya karɓi sunan har yana amsawa.

Abu ɗaya ya sa a gaba tun watan Nuwamba: Kaza da 'Ya'yanta, wannan curin taurarin da kowane yaro ya sani. Ya ce akwai wani shuɗin hayaƙi da ya lulluɓe su wanda ido ba ya gani, sai an tara hotuna da yawa an haɗa su wuri guda. Tsara aikin kaɗai ya ci littafi guda. Sai ranar da babu farin wata, sai babu girgije a can, sai Kazar ta ɗaga sama sosai, sannan kuma a ce layinsa ne. Lissafin wata bai taɓa ba shi wahala ba, ya ce duk ɗan masunci da shi yake tashi, har abokan nasa shi suke tambaya. A haka ya tara hoto ɗari da arba'in, kowanne minti biyar. Ana cikin haka ciwon hanta ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka dawo da shi da jakar magunguna, kuma duk wanda ya ga fuskar matarsa Inna Dije ya san abin da likita ya faɗa. Hannunsa ya daina riƙe abu, shi ne na zama hannun nasa.

"Matso in gwada maka," in ji shi bayan ya huta. Ya sa na buɗe hoto ɗaya na faɗaɗa shi. Tsakanin taurarin akwai ɗige-ɗige birjik, ja da fari, kamar an watsa gero. "Waɗanga ba taurari ba ne, ƙaryar kyamara ce. In ta daɗe ido buɗe sai ta riƙa ƙirƙiro nata. To sai ka rufe mata ido, ka ɗauki duhu tsantsa, tsawon lokaci guda, sanyi guda da na hoton taurarin. Duk abin da ya fito ciki, ka san nata ne, sai a cire shi daga hoton gaskiya. In babu hotunan duhun nan, hayaƙin da nike nema ba ya fita."

Na ce, "To a sake ɗauka mana."

"Awa biyar ne, Hamza. Ni kuwa awa biyu ta rage min, ranar Laraba, kuma na ajiye ta don hotunan ƙarshe na shuɗin hayaƙin, kafin Kazar ta faɗi sai baɗi. Da rana ba a ɗaukar duhun, zafi ya yi yawa can, kyamara ba ta sanyi. Ranar Asabar kuma za a kwance ta a sa sabuwa, kuma duhun wata kyamara ba ya wanke wata."

"Abokanka fa? Ka roƙe su."

Nan ya juyo ya kalle ni irin kallon da yake yi wa ɗaliban da suka makara. "Laraba ashirin da takwas ga wata. Shi ne dare mafi duhu, kowa wata guda ya yi yana jiranshi. Shekara huɗu ban taɓa roƙon minti ɗaya na wani ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Ko ciwon nan ban gaya musu ba."

Inna Dije da ke bakin ƙofar cikin gida ta ce, "Malam, baɗi ka sake."

Ya ce, "To, Dije."

Na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara a kasuwa, ya yi ta dube-dube har la'asar, ya ce na riga na zuba sababbin abubuwa a kan wurin, ba sa dawowa. Ranar Talata na rufe shago, na kori wata mai son fasfo ba gaira ba dalili. Ni mutum ne mai ji da kansa, matata ma shaida ce, kuma Turancina na rasit ne. Amma na buɗe dandalin ƙungiyar a laftof ɗin ba da izininsa ba, na rubuta. Na ce sunana Hamza, maƙwabcin Magaji, mai ɗaukar hoton biki. Na ce ba shi da lafiya kuma ba a sa ran zai ga baɗi. Na ce ni na goge duhunsa saboda jahilci, shi bai roƙi komai ba, kuma in ya ji zai yi fushi da ni. Na aika, na zauna ina gadin allo. Har aka yi isha babu wanda ya ce uffan.

Ranar Laraba da hantsi na ɗauki laftof na shiga zauren. Ya rame ƙwarai a kwana biyun nan, amma ya sa an ɗaura masa tabarau. Ya ce, "Buɗe jadawali mu ga ko sama ta yi kyau." Na buɗe. Sama garau, babu girgije ko ɗaya. A layin awanni kuwa, inda ya kamata a ga sunaye biyar, suna ɗaya ne daga sama har ƙasa: Magaji, Magaji, Magaji. A gefe wata tsohuwar nas daga Indiya, wadda awa biyun tsakiya nata ne, ta rubuta layi ɗaya, shi ya fassara mini da kansa: "Kai ka koya mana lissafin wata, malam. Ɗauki duhunka."

Ya sake karanta layin. Sannan ya ce, "Hamza, kai kay yi wanga aiki?"

"Ni ne, Malam."

"Ka tona min asiri." Ya mai da ido kan allon. "Ɗan banza. Juya madubin, lokaci na tafiya."

Muka ɗauki shuɗin ƙarshe har Kazar ta yi ƙasa, daidai ana kiran azahar. Daga nan ya ce in rufe idon kyamara, in sa minti biyar, sau sittin. Na danna. Ya kira Inna Dije, ya kira masu wucewa ma, duk wanda ya leƙo dubiya sai ya nuna masa baƙin allo. "Kun gani? Can ƙarshen duniya ne. Dare mafi kyau cikin watan ga, mutum huɗu sun bar shi, madubi ya rufe ido don ɗan Warra." Mutane suna gyaɗa kai ba su gane ba. Ni na gane, kuma wallahi ban taɓa jin alfahari da wani mutum kamar yadda na ji da shi a wannan yinin ba. Hoto na sittin ya shigo ana shirin magariba.

Ranar Alhamis muka haɗa hotunan. Yana faɗa mini abin yi da ido a lumshe, ina dannawa. Kwamfutar ta ɗauki kusan awa guda tana nishi. Da hoton ya fito, geron nan duk ya tafi. Taurarin suna zaune cikin wani shuɗi mai zara-zara, kamar sabon rini da aka shanya, ƙananan kuwa a bayansu ba sa ƙirguwa. Na tallafo kansa.

"Dije, zo ki ga Kaza da ɗiyanta." Ta durƙusa kusa da shi. "Ina yaro, cikin jirgi, babana Ɗangana ya ce in ƙirga su. Na ce shida. Ya ce sun fi haka, idonmu ne bai kai ba. Shekara sittin ina son in ga ko gaskiya yaf faɗa."

Inna Dije ta ce, "To gaskiya yaf faɗa?"

"Ƙirga mana ki gani."

Ta sa yatsa a kan allon ta fara, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ta kai talatin da wani abu ta ɓace, ta sake daga farko.

Ya rasu ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ya saba buɗe laftof. Bayan an sauko daga masallaci aka yi masa sallah, tsofaffin ɗalibansa suka cika layin har bakin titi, masunta suka zo daga Warra a mota biyu. Na aika wa ƙungiyar labari da hoton, wannan karon ban ji kunyar Turancina ba.

Na wanke Kazar babba, na sa mata gilashi, tana rataye a zauren inda katifarsa take a da. Na kuma wanke guda ɗaya daga cikin sittin ɗin, na rataye a shagona tsakanin wata amarya da 'yan firamare. Jiya wani dattijo ya zo fasfo, ya zauna a kan kujera yana gyara hula, idonsa a kan bangon.

"Mai hoto, wancan ya ƙone ne?"

Na ce, "A'a, Baba, haka aka ɗauke shi. Ɗago haɓarka kaɗan."